Ƙasar Kurugu a Gonar Gwangwan

Shekarar da muka tashi daga Kurugu muka koma Gwangwan, maigidana ya ɗora wa jaki wani buhu ya hana kowa taɓawa. Na ɗauka hatsi ne. Ashe ƙasa ce ya ɗebo daga gonar marigayi babansa, wai don albarkar tsoho ta biyo mu. Ya barbaɗa ta a tsakiyar sabuwar gona yana ta addu'a, ni kuwa ina tuna tukwanena biyu da aka bari a baya saboda kaya sun yi wa jaki yawa.

Damina biyu dawa ya shuka, ta uku ya sa gyaɗa. Ko'ina ta yi kyau, ban da tsakiyar nan. Can ta tsugune, ta dunƙule, ganye ya yi duhu, wurin ya kewaye kamar faifai. Aka shiga neman mai laifi. Ni ke ɓare iri, saboda haka hannuna ne. Bai faɗa da baki ba, sai dai da damina ta zagayo ya kwashi irin ya kai wa yayarsa ta ɓare. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, har maƙwabta suka fara janye ƙwaryar irinsu in na shiga gidajensu. Gyaɗar da yayar ta ɓare ma ta tsugune a daidai wurin. Sai ya tuna ai ni na ɗinke bakin buhun irin.

Malamin gona ya zo daga Rogo a kan babur, suka zaga gonar da maigida suka dawo zaure. Ina bayan ƙofa da kwanon fura na ji yana cewa, “Malam, wata fumfuna ce a cikin ƙasa, ido ba ya ganinta. A saiwar dawa take zama, ita ke ɗaukar ƙwayar cutar ta shigar wa gyaɗa ta saiwa, kuma tana shekaru ba ta mutu ba. Amma me ya sa tsakiya kaɗai? Ko an taɓa kawo ƙasa daga wani wuri?”

Sai na ji maigida yana tambayarsa ya lafiyar babur.

Dariya ta kama ni, amma ta tsaya da na ga fuskarsa bayan tafiyar baƙon. Tausayinsa ya kama ni, don ƙasar nan ita kaɗai ya taho da ita daga wurin babansa.

Ana gab da shuka ya shigo da buhun iri a kafaɗa, ya dire a gabana, idonsa na kan katanga.

“Uwargida, in kin samu sarari ki ɓare mana. A zauna a ƙofar gida, inda mutane za su gani.”