Hular da Ta Zaga Garuruwa

Har ranar da ƙasa za ta rufe idona, abin da aka yi mini a cikin takabata ba zai fita daga raina ba.

Mu mata ne masu ɗinkin hula, kowacce a ɗakinta. Wata tana Watari, wata Dawakin Tofa, ni kuwa ina ƙauyenmu a gefen Ɗambatta. Ba mu taɓa ganin juna ba. Shugabarmu wata Hajiya ce a Kano. Ita ke aiko mana da zare a motar haya, sauran magana kuwa sai a saƙon murya. Ni a wayar matar ɗana nake ji.

To, da Allah Ya karɓi maigidana, sai hannuna ya mutu. In ɗauki allura, in ajiye. Na naɗe hular da na fara, ko rabi ba ta kai ba, na ba direba ya mayar. A sana'armu, wannan sallama ke nan. Mutumin da muka yi wa aiki kafin Hajiya, da sai dai ya miƙa wa wata, ko "Allah Ya jiƙansa" babu.

Hajiya ta kira ni. Ba ta ce uffan a kan hula ba. "Inna, ya haƙuri? Kin dai ci abinci?" Muka yi kukanmu tare.

Ashe hular nan yawo ta shiga. Mota mota, gida gida, kowacce ta ɗinka layi guda ta tura gaba. Ina dab da fita takaba sai ga ta ta dawo, an bar tsakiyar kanta babu ɗinki. Matar ɗana ta kunna mini saƙonni. Ta Watari tana dariya: "Inna, nawa layin ya karkace kamar huɗar rago. Ki dawo kafin mu ɓata sana'ar!" Sai muryar Hajiya: "Babu gaggawa, Inna. Gurbin nan naki ne, ba mai taɓa shi."

Na dubi hular. Wani ɗinkin a matse, wani a sake, babu mai sayenta a kasuwa. Hajiya tana sane ta yi asarar zarenta. Na ce a miƙo mini allura. Hawaye ya hana ni ganin kafarta, sai da aka zura mini zaren.

Ku ji, 'ya'yana: ba nisa ke sa mutum ya saki aiki ba. Shugaban da hannunka kawai ya sani, ranar da hannun ya gaji kun rabu. Wanda ya san zuciyarka kuwa, ko daga ina yake, kiransa yana isowa.