Datti da Turaku Masu Jan Fenti

Ƙanena Datti bai taɓa cin tuwo a natse ba. Tun yana yaro a Tungar Ɗorawa, ƙauyenmu da ke bakin kogin Kaduna can ƙasa, sai Inna ta danne masa gwiwa da hannu ɗaya sannan yake gama kwanonsa. Girma bai raba shi da wannan hali ba. Ya yi kamasho a tasha, ya shiga masaƙa a Kakuri bai rufa shekara ba ya fito, ya yi gadi a Mando, ya sayar da rake. Lokacin yaƙi ya bi sojoji yana yi musu girki, kuma yana can Inna ta rasu.

Ni na je daga Kaduna. Na yi mata wanka tare da tsofaffin gari, na ga an fita da makara, daga nan sanina ya ƙare, tunda mace ba ta bin gawa. A wurinmu kuwa ba a rubuta suna a kabari. A tula ƙasa, a kifa tsingaro, damina biyu ta wuce sai wurin ya baje. Datti ya dawo an daɗe da share makoki. Ya yi kuka a ɗakina, ya ce zai je ya tsaya a kanta ya roƙa mata gafara, don ya tafi bai yi mata sallama ba. Kullum zai je, kullum wani abu ya ɗauke shi.

Bayan rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa, Datti ya tare a ɗakin zauren gidana a Kurmin Mashi. Shekarar ce aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi mai tsoka. Unguwa ta cika da kwalayen firji da fanka, har da masu akwatin talabijin. Gidaje suna ta tsirowa ta wajen Unguwar Dosa, kowanne da wayar lantarkinsa a sama. Daga nan wuta ta fara gajiya. A kawo ta da hantsi, kafin tela ya gama hannun riga an ɗauke. Mai injin niƙa ya koma zaman jira da layin kwanoni a gabansa. Sai aka fara cewa a rediyo gwamnati tana shirin datse koginmu can ƙasa, a yi wata tashar lantarki kamar ta Kainji.

Wata la'asar Datti ya shigo da hular kwano a hannu.

"Yaya, na sami aiki. Mu ne za mu kawo muku wuta."

Malam Nura, maƙwabcinmu mai makarantar allo, yana alwala a ƙofar gida, ya jiyo shi. Ya ce, "Kai, Datti? Kai da ko fitilar ƙwai ka riƙe sai ka fasa gilashin?"

"Allah gafarta malam, awo za mu yi. Ni ne mai riƙe sanda."

"To riƙe sanda ai tsayuwa wuri ɗaya yake so. Wa ya yi musu wannan mugunta?"

Datti ya yi dariya har da buga ƙafa. Aikin lebura ne tare da masu safiyo. Su kafa na'urarsu mai ƙafa uku, shi ya tafi nesa da doguwar sanda mai zane ya tsaya, su leƙa, su ɗaga masa hannu, ya matsa, ya sake tsayawa. Inda suka ce nan ne, sai a kafa turke a shafa masa jan fenti. Turakun nan su ne alamar inda ruwa zai kai idan an datse kogi. Ya ce aikin ya dace da shi, tunda tsayuwar gajera ce, tafiyar doguwa.

Yakan yi makonni a daji ya dawo da kaska a wuya, da busasshen kifi a jaka, da surutu. A dawowarsa ta bayan damina kuwa bai zo da surutu ba. Ya zauna a bakin murhu yana karya tsinke, gwiwarsa tana rawa. Na zuba masa ido har ya gaji ya yi magana.

"Mun kai Tunga."

Na ajiye muciya.

"Yaya, ruwan zai ci garin duka. Wannan an sani, an ce za a tashe su a kai su tudu. Amma turke ya hau har bayan babbar ɗorawar gari, ya wuce maƙabarta. Ni na riƙe sandar. Ni na buga turken da hannuna, Inna tana ƙasa da shi."

Na yi salati. Na tambaye shi ko ya sami kabarin. Ya ce cikin waɗanda suka shiga ramin suka karɓe ta, Baba Ila kaɗai ya rage, tsohon masunci abokin mahaifinmu. Ya je ya same shi. Baba Ila ya ce ya san wurin, yana kusa da wata bishiyar kirya, amma gamba ta fi mutum tsawo yanzu, ga macizai, ga idonsa ya yi rauni. Ya bari a ƙone ciyawa ya dawo, zai kama hannunsa ya kai shi.

Na ce, "To sai ka jira a ƙone ciyawar."

"Na yi abin da ya fi wannan."

Ya matso ya rage murya, ko da yake daga ni sai kaji a tsakar gidan. Ranar Juma'a masu safiyo sun shiga mota sun tafi gari, aka bar shi gadin kaya. Ya ɗauki guduma da gwangwanin fenti. Ya tumɓuke turakun da ke saman maƙabarta, ya sauko da su ƙasa da ita ya sake kafawa a jere, ya kankare jan da aka shafa a jikin ɗorawa, ya shafa sabo a wani dutse can gangare.

"Ka ga ruwa ya taɓa bin umarnin fenti?" na ce.

"Ba ki gane ba, Yaya. Masu ginin ai turke za su bi. In sun zo suka ga nan aka ce ruwa ya tsaya, sai su rage tsawon bangon kaɗan. Me za a rasa? Fanka goma ta ƙi juyawa a Kaduna? Su yi fifita."

Ban san aikin dam ba, wato madatsar ruwa. Na dai ce ya koma da wuri wurin Baba Ila. Ya ce yanzu ai babu gaggawa, maƙabarta ta tsira, ko baɗi ma ya je. A daren nan ya ci tuwo har da ƙari, abin da rabona da gani an daɗe.

Aka ƙone ciyawa, Datti yana wani gefen kogi da sandarsa. Aka dawo da su Kaduna hutu, ya ce zai je, sai wani abokinsa ya ja shi kai shanu Legas. Ya dawo da rediyo ƙarama da tari. Duk lokacin da na tuna masa sai ya ce, "Yaya, Baba Ila ƙarfe ne, ya binne sa'o'insa duka."

Rakiya ce ta kawo labarin. 'Yar ƙauyenmu ce mai kawo kifi kasuwa, takan sauka wurina in ta zo. Muna cikin gaisawa ta ce ai Baba Ila ya riga mu gidan gaskiya, zazzaɓi na 'yan kwanaki. Datti yana tsaye a bakin zaure da buta a hannu. Ya tambaye ta inda aka kai shi.

Ta ce, "Tsohuwar maƙabarta mana. Da farko mai gari ya ce daga yanzu a riƙa kai mamata tudu, saman jan fenti. To da aka je aka duba, ashe fentin yana ƙasa da maƙabarta. Mutane suka ce alhamdu lillahi, gwamnati ta tausaya wa matattu. Tun kaka can ake kai kowa. Har jaririn ƙanwata."

Butar ta zube masa a ƙafa bai sani ba.

Washegari ya tafi ofishin masu safiyo. Bai faɗi abin da ya yi ba, ya dai tambayi babbansu, wai misali in turke ya gusa, ruwa zai gusa? Mutumin ya yi dariya. Ya ce tsawon bango an riga an yanke shi a takarda tun kafin a sari icen turakun. Turke don mutanen gari aka kafa shi, su san inda za su kauce. Ko an tumɓuke su duka an yi girki da su, ruwa inda zai kai nan zai kai.

Datti bai shigo gida ba sai bayan la'asar. Na jiyo shi a ƙofa wurin Malam Nura, yara sun tashi, na tsaya a bayan ƙyaure. Yana magana yana kai da kawowa.

"Malam, a tone su a mayar tudu. Ni zan yi haƙan."

"Ka tone wa? Ka san wanda ke ina? Ka zauna mana, kana sa ni jiri."

"Na sa an binne mutane a cikin ruwa."

"A cikin ƙasa aka binne su, da sallarsu da likkafaninsu. Abin da ka yi wa rayayyu shi ne ka ruɗe su, wannan kuwa gyaransa a ƙafarka yake." Malam ya nuna ƙwan lantarkin da ke rataye a zaurensa. "Wannan da kake gani, daga ina take zuwa? Can Kainji ma ai garuruwa ruwa ya rufe, da iyayen wasu a ciki. Mun taɓa tambaya? Addu'a ba ta jiƙewa, Datti. Wanda ya san inda kifi yake kwana ya san inda mahaifiyarka take."

"Ni ne ban sani ba, Malam."



Datti ya tafi Tunga da kuɗin motarsa, ba da motar aiki ba. Abin da ya faru a can daga bakin Rakiya na fi jinsa, don shi guntu-guntu ya ba ni. Ya tsaya a gaban mai gari bayan sallar azahar ya faɗi abin da ya yi. Wani ya zage shi. Mijin ƙanwar Rakiya ya ɗaga hannu, aka riƙe shi. Wata tsohuwa daga bayan darni ta ce a ƙyale shi, ɗan Hansai ne, wato Innarmu, tun yana goye ba ya zama. Daga nan ya roƙi guduma. Ya tumɓuke turakun ɗaya bayan ɗaya, ya hau da su, ya nemo tsofaffin ramukan ya mayar da kowanne, mutane suna tsaye suna kallo. Fenti ya ƙare masa, ya kwaɓa jar ƙasa ya shafa wa ɗorawa.

Sannan ya shiga maƙabarta neman kirya. Kirya uku ya tarar, ɗaya an sare ta saura kututture. Ya zaga wannan, ya zaga waccan. Ƙasa duk ta baje, tsingaro ko'ina. Rakiya ta ce tun suna hango shi yana zagaye har suka ga ya tsaya a tsakiya ya ɗaga hannu. Ta ce ba ta taɓa ganin Datti ya daɗe a wuri ɗaya haka ba, har inuwa ta juya.

Da ya dawo na tambaye shi, "Ka same ta?"

"Na yi wa kowa addu'a, Yaya. Tana ciki."

Aikin sanda bai koma ba. Ya je ya faɗa wa babban nasu gaskiya don a sake duba turakun, aka sake dubawa, aka sallame shi. Yanzu yana tura kura a kasuwa, wani lokaci ya yi faskare. Dam kuwa har yau ana shiri. A ce an ba da kwangila, a ce an fasa, a ce baƙi sun zo duba dutse. Datti ba ya barin labarai su wuce shi, rediyon nan tana manne a kunnensa, kuma duk direban da ya fito daga wajen sai ya tare shi ya tambaya ko an fara zuba kankare. Kowace shekara da an ƙone ciyawa yakan ɓace kwana biyu, ya dawo da toka a ƙafar wando. Ya ce kafin ruwa ya zo yana so ya taka ko'ina a wurin, wataƙila ya tsaya a kanta bai sani ba.

Jiya da magariba aka kawo wuta bayan yini guda babu. Yaran unguwa suka ɗauki ihu, injin niƙa ya tashi. Na leƙa zaure in ce masa ga tuwo. Yana tsaye da yatsa a kan makunni, leɓensa yana motsi. Sai da ya shafa addu'a sannan ya kunna. Ya karɓi kwanon ya ci loma biyu a tsaye, ya ce bari ya je tasha ya dawo, an ce wata mota ta iso daga can ƙasa wajen Tunga.