Iccen Maikano a Gonar Aro

Kawuna Maikano, Allah ya jiƙan shi, mutum ne mai kunyar baƙo har ta yi mashi yawa. A wani ƙauye kusa da Badagishiri ya yi rayuwarshi duka, da matarshi Uwani, da jaki, da ɗiya birjik, da gona guda. Gonar ma aro ce. Ubanshi ya are ta daga gidan Alhaji Ƙasimu, kuma kowace kaka akan kai damin hatsi don kada a manta mai ita.

Bayan yunwar tamanin da huɗu, wani Mompera, limamin 'yan Katolika, ya riƙa zuwa daga Ƙonni da mota cike da dashen icce cikin leda. Bai ce kowa ya bar salla ba. Cewa ya yi ƙasa amanar Allah ce, mun aske ta ƙwal, shi ya sa iska da ruwa ke kwashe ta. Mutane suka ce wallahi gaskiya ne, suka karɓa, suka ba awaki.

Kawu ne tsautsayi ya sa Mompera ya bi shi har gona. Mompera ya ga yadda ruwa ya yage ta, ya duƙa da kanshi ya fara tona rami. To, a wajenmu ko yaro ya san mai gonar aro yana shuka hatsi da wake, amma ba ya dasa icce. Wanda ya dasa icce ya ce ƙasar tashi ce. Mompera bai sani ba. Kawu ya sani sarai, ya kama mashi tono.

Uwani ta ce, "Malam, ka haukace? Da mi za mu ci da ɗiya?"

Ya ce, "Baƙo ya sa gwiwa ƙasa, in ce mashi mi?"

Rani guda Kawu yana jidar ruwa da jaki yana ba itatuwan da suka dasa. Suka kama. Alhaji Ƙasimu kuwa ya bari sai da suka fi ƙarfin akuya, sannan ya zo, aka gaisa.

Kawu ya ce, "Alhaji, don tare iska ne kawai."

Alhaji ya ce, "Na sani, Maikano. Ni da kai mun sani. Ɗiyanka da nawa fa? Ko ka sare su, ko ka maido gona."

Kawu ya ɗauki gatari ya tafi. Ya dawo da la'asar, bai sare ko reshe ba. Ya ce ma Uwani, "A hannuna suka sha ruwa." Abin da ta ce mashi ba ya maimaituwa, kuma ni ban ga laifinta ba.

Mompera ya je roƙo. Alhaji ya ba shi fura, ya yarda da duk abin da ya faɗa, ya raka shi har mota, ya karɓe gonarshi.

Gona kam ta gyaru, hatsi sai wanda ya gani. Kawu ya ƙare rayuwarshi yana ƙwadago a cikinta. Har yau in na bi ta wurin raina ɓaci yake, na rasa wa zan zaga.

Ranar da ya rasu, Uwani ta aika gonar a roƙo iccen rufe kabari. Ɗiyan Alhaji mutanen kirki ne, sun ba da.