Solange Peyrichou, Mai Zanen Zinari a Bakin Faranti

Shekara hamsin da uku Solange Peyrichou ta yi tana fita daga gida ƙarfe bakwai saura kwata. Takan tsallake gadar kogin Vienne, ta karɓi burodinta a kwanar titi, ta hau benen ma'aikatar tangaran ta gidan Lachaud, ta zauna bakin tagar arewa inda haske ba ya yaudarar ido. Sai ta dama ruwan zinarinta, ta gwada tsinin burushi a kan farce, ta jawo faranti.

Aikinta gyaran tsofaffin kayan cin abinci ne, waɗanda suka haura shekara ɗari biyu. Idan adon faranti ya goge, ko murfin kwanon miya ya fashe aka gasa sabo, ita ke mayar da zanen yadda masu aikin farko suka bar shi: sarƙar ganyen bishiyar laurel, tulunan Girkawa masu hannu biyu, mata masu dogayen riguna riƙe da garaya, da layin nan mai kusurwa-kusurwa da ke zagaye bakin faranti ba a gane inda ya fara. Zinarin yakan hau tangaran kamar laka, ya fito daga tanderu a dushe. Sai ta yini tana goga shi da ɗan dutse mai santsi kafin ya yi ƙyalli. Babu faranti ɗaya da ke ɗauke da sunanta.

Aristide Faucher, mai kula da tanderu, shi ya ba mu labarin wani dillalin kayan tarihi da ya zo daga Paris da babban kwanon miya marar murfi. Wata biyu Solange ta yi a kan sabon murfin. Da dillalin ya ɗora shi a kan kwanon, ya zagaya teburin sau uku bai ga bambanci ba. Sai ya kifa murfin, ya tarar ta rubuta shekarar da aka yi shi da ƙananan lambobi.

"Madam, wannan kuma na mene ne? Goge shi ki sa mini tsohon tambari."

"Tsohon tambari na masu shi ne, kuma sun daɗe a kabari."

"To wa zai sani?"

"Ni mana. Ko ni ba mutum ba ce?"

Ya ce ba zai sake kawo aiki gidan ba, kuma ya cika alkawari. Maigidan ma'aikatar, Gaspard Lachaud, ya yi sati yana ɗaure mata fuska. Ita ko a jikinta.

Ke ce kika ƙi yi wa matattu ƙarya, Solange, alhali rayayyu ma ba su gode miki ba.

Ba ta yi rowar sana'a ba. Mutum huɗu ta zaunar a gefenta cikin shekarun nan. Biyu suka koma kamfanin da ke manna zane da inji, inda ake gama faranti dubu kafin ta gama ɗaya. Ɗaya ta ce bayanta ba zai jure ba. Na huɗun yana da hannu mai kyau, amma da ya ji sai ya shekara bakwai kafin a bar shi ya taɓa tsohon faranti, ya yi dariya ya ce, "Ashe gadon jikokina zan tara." Bai dawo ba.

A bazarar da ta wuce aka kawo mata wani faranti da layin bakinsa ya goge tsawon yatsa ɗaya. Aikin rabin yini ne a da. Ta ɗora burushi, hannun ya yi rawa, layin ya karkace. Ta goge ta sake. Kwana uku tana haka, ba ta gaya wa kowa ba. A rana ta huɗu Aristide ya shigo ya tarar ta danne hannun dama da na hagu tana kallon taga.

"Tsohuwa, yau kuma faɗa ake da hannun?"

"Ya daina jin maganata, Aristide."

"Sanyi ne. Sha kofi mai zafi ki gani."

"Sanyi a watan Yuni? Kai ma ka sani."

Ta wanke burushinta ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe farantin, ta sauka da shi ofishin maigida. Ta ce a mayar wa masu shi, gara ya zauna da gurbinsa da a ɓata aikin wanda ya fi ta. Gaspard ya karɓi farantin. Daga baya ya gaya mata abin da ya jima yana ɓoyewa, cewa in babu ita benen sama ba shi da amfani, kuma akwai masu son mayar da ginin gidajen haya.

"To zanen fa? Wa zai yi?" ta tambaya.

"Babu kowa, Madam Solange. Na nema har na gaji."

Ranar sallamarta mu tara ne. Aka yanka kek, aka sha ruwan inabi a kofin takarda, a gidan da ya shekara ɗari yana yin kofin tangaran. Ta tattara littattafanta goma sha ɗaya, inda ta kwafe kowane zane da ya taɓa ratsa teburinta, ta ƙi yarda kowa ya taya ta ɗauka.

Mun gode miki, Solange, mai ido kamar ma'auni. Kin ƙone ƙuruciyarki a kan aikin da sai ya ɓace a idon mai kallo ake cewa ya yi kyau, kuma ba ki taɓa yin algus ba ko da ba mai ganinki. Duk mai sana'a a garin nan ya dubi wannan ya ji kunya, sannan ya yi koyi.

Hannunta ya tafi, amma idonta da bakinta suna nan, ta ce kuma za ta koya wa duk mai haƙurin zama. Gidanta ne mai koren ƙofa a bayan cocin unguwa. Wata takwas ke nan da ta faɗi haka, ba wanda ya ƙwanƙwasa. Shekararta saba'in da ɗaya. Mai niyyar zuwa ya daina cewa gobe.