Ciwon da Ba a Zuwa Dubiya

Ƙanena, autan Innarmu, ya koyi shan wiwi a gonar rani, wajen ban ruwa. Abokan aikinsa suka ce masa tana ƙara ƙarfi, mutum ya wuni cikin laka bai san gajiya ba. Bayan 'yan shekaru, yaron da albasarsa ke cika mota shi ne zaune bakin kwalbati da jajayen idanu yana dariya shi kaɗai, ruwa na kwashe masa shuka. In bai sha ba, babu barci, babu cin abinci, sai faɗa. In ya sha, sai ya ce maƙwabta na gulmarsa ta bayan katanga.

Ni ce babba, ina aure a Talata Mafara, kuma ban iya lallashi ba. Ranar da ya fasa randar Inna saboda wai wani na magana a cikinta, Kawu ya ce a ɗaure shi a kai shi wajen mai ruƙiyya. Na ce ba a ɗaure ɗan uwana kamar akuya. Na ɗauko shi daga ƙauyenmu, ni da Inna, muka kai shi asibiti.

Likitan bai daka masa tsawa ba. Ya ce jikinsa ya saba da abin har ba ya iya zama babu shi, kuma ya taɓa masa tunani. Ya ce in ya bari zai sha wuya kafin ya ji daɗi, a riƙa kawo shi, kada a bar shi shi kaɗai.

Inna ta gyara mayafi ta ce, “Likita, ke nan ciwo na? Ba lalacewa ba ta?”

Ya ce, “Ciwo ne, Baba.”

Wallahi na daɗe ban ga fuskarta haka ba. Duk tsawon hanya tana maimaitawa, ciwo na, ciwo na, kamar an yi mata albishir.

A ƙauyenmu ko karkare ya fito wa mutum a yatsa, sai an zo dubiya. Mata su shigo da fura, maza su tsaya a zaure, a yi doguwar gaisuwa, a ce Allah shi ƙara sauƙi. Don haka Inna ta share gida, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta bi maƙwabta tana gaya musu auta ba shi da lafiya, likita ya faɗi. Sannan ta zauna jira.

Babu wanda ya zo. Matan da Inna ta yi wa wankan jego, mazan da suka ci tuwon gidanmu, kowa ya sami uzuri. Wata ta haɗu da ita a bakin rijiya ta ce, “Allah shi shirye shi.” Inna ta dawo gida. “Shiriya ta ɓatattu ta,” in ji ta. “Ɗana sauƙi shika nema.” Ni da na ji, saura kaɗan in je in zubar wa matar nan da tulu.

Shi kuwa ya daure na 'yan makonni bai sha ba. Yana kwance cikin gumi, ya rame, hannunsa na karkarwa. Lokaci lokaci ya ce, “Inna, wa ya zo?” Ta ce duk suna gaishe shi. Ba yaro ba ne, yana ganin tabarmar babu kowa.

Waɗanda suka zo daga ƙarshe abokan shansa ne. Suka tsaya a ƙofa da ladabinsu, suka ce, “Ya mai jiki?” Su kaɗai suka faɗi kalmar a duk garin. Ranar ya tashi ya raka su, bai dawo ba sai da idonsa ya yi ja. Na sake kai shi asibiti, ya sake komawa shan wiwi. Yanzu ko na kira shi sai ya daɗe yana kallona kafin ya amsa. Na gaji, kuma ba na tsammanin zai warke.

Bara hawan jini ya kayar da Inna, ɓarin jikinta ya shanye. Gida ya cika, ƙoren fura har ba wurin ajiyewa. Auta na zaune a dakalin ƙofa da riga mai dauɗa, masu dubiya na kauce masa su shigo. Duk wadda ta durƙusa ta ce, “Allah shi ƙara sauƙi, Inna,” sai Inna ta ɗaga hannun da ya rage mata, ta nuna ƙofa, ta ce da karkataccen baki, “Mai jikin na waje.”

Sai su dube ni da tausayi, su ce ciwon ya taɓa mata kai.