Ranar da Ƙanena Ya Juya wa Baba Baya

Har yau idan na tuna Baffa, ƙanin mahaifinmu, sai raina ya ɓaci, Allah ya sani. Abin da na yi shekaru ina lallaɓawa shi ya rusa shi, da magana ɗaya a kunnen tsoho.

Ƙanena shugaban makaɗa ne, abin da Larabawan nan ke kira mayistiro. Shi ne ke tsayawa gaban masu goge da masu sarewa da masu ganga, cike da dandamali, yana riƙe da 'yar siririyar sanda, ba mai jan tsirkiya ko hura iska sai ya ba shi hannu. A Turai sunansa ya kai inda ya kai. A gidanmu da ke unguwar Bani Malik kuwa, ba a ambatarsa a gaban Baba.

A nan Jidda aka haife mu, kakanmu ne ya zo hajji ya zauna. Baba kafinta ne mai taurin kai, kuma kullum maganarsa ɗaya: mu ba mu gaji kiɗa ba, ba mu gaji roƙo ba. Ƙanena yana saurayi ya koyi kaɗa udu, molon Larabawa, a ɓoye wajen wani tsoho a unguwar Ruwais, zamanin da ko kaset na waƙa sai an rufe taga ake sawa. Ranar da Baba ya gano, a gabanmu ya sa ƙafa ya take udun. Ƙanena ya samu hanya ya tafi Masar, daga can ya haye Turai. Baba ya ce halas, wato shi ke nan, shi ba shi da ɗa maroƙi.

Ni ce na zama 'yar tsakani, musamman bayan rasuwar mahaifiyarmu. Da gari ya canza, aka fara buɗe zaurukan kiɗa, sai aka gayyato ƙanena ya jagoranci makaɗa a garin da aka haife shi. Ya kira ni a waya ya ce, “Yaya, ba na neman komai. Baba ya zo ya zauna ya ga abin da nake yi, ko sau ɗaya.”

Na sha wahalar tsohon nan ba kaɗan ba. Na rantse masa babu kirari, babu liƙi, babu mai rawa. Na riƙa nuna masa bidiyo a waya, yana kawar da kai yana kallo ta gefen ido. Bidiyon nan duk daga cikin makaɗan ake ɗaukarsu, fuskar ɗansa yake gani. Daga ƙarshe ya ce zai je. Baffa na jin an ce kujerun gaba ne ya ce ai shi ma dole a tafi da shi.

Bayan magariba muka shiga. Baba ya sa farar riga sabuwa, har da turare. Ƙanena ya fito, aka ɗauki tafi, idonsa ya nemo Baba, ya dafa ƙirji ya sunkuya. Wallahi na ga Baba ya gyaɗa kai. Daga nan ƙanena ya juya ya fuskanci makaɗansa, ya ɗaga sanda, masu goge suka fara a hankali.

Sai Baffa ya matso da bakinsa kusa da kunnen Baba.

“Yaya, ka ga abin da ya kira ka ya yi maka? Ya tara maka mutanen Jidda ya ba ka ƙeya.”

Na ce a hankali, “Haba Baffa, haka aikin yake. Makaɗan yake kallo.”

“Wane aiki? Ko garaya bai riƙe ba. Ramuwa ce ya zo yi.”

Na ga fuskar Baba ta sauya. A wurinsa ɗa ba ya tsayawa a kan ubansa yana zaune, balle ya juya masa baya a bainar jama'a. Ya lalubo sandarsa ya miƙe. Na riƙe hannun rigarsa, ya zame. Suka bi ta gaban mutane suna tafiya a hankali, Baffa yana gaba kamar wanda ya yi abin arziki. Ni na zauna, don ba zan bari ƙanena ya juyo ya ga kujeru uku babu kowa ba.

Abin da ke ci mini rai, Baffa direban tasi ne. Rayuwarsa duk ya yi ta yana ba fasinja ƙeya, manya da ƙanana, ba wanda ya taɓa cewa ya yi rashin kunya. Ya sani sarai, hassada ce kawai da son a ce shi ne mai kare mutuncin gida. Baba ma ban wanke shi ba. Ya yarda da raɗar ƙaninsa nan take, ni da na yi watanni ina yi masa bayani ko kallona bai yi ba. Yanzu kuma Baffan nan ne ke tura bidiyon ƙanena ga dangi yana rubuta “ɗanmu”, ba kunya ba tsoron Allah.

Ban ji kiɗan ba, ina zaune ina haɗiye kuka. Da aka gama jama'a suka miƙe tsaye suna tafi. Ƙanena ya juyo, gumi ya jiƙa shi, yana murmushi, ya dubi layinmu. Murmushin ya ɗauke. Ya sunkuya wa mutane yadda aka saba, ya fita.

Washegari da safe ya zo gida ya durƙusa a ƙofar ɗakin Baba, ya yi sallama ya sake yi. Baba yana ciki, muna jin tarinsa, bai amsa ba. Haka ƙanena ya zauna a ƙasa har aka kira azahar, lokacin jirginsa ya matso.

A mota, muna hanyar filin jirgi, ya tambaye ni, “Yaya, ya ji da yawa kafin ya tashi?”

Na so in yi masa ƙarya, na kasa. Na ce masu goge ne kawai suka fara.

Yana kallon titi ya ce, “To, ya dai zo.”

Bai ƙara ganin Baba da rai ba.