Katin Mudathir yana cikin kwallata

Abarci ƙanena ne, ni na goye shi. Tun shina yaro ba ya son noma. Babanmu ya kai shi Maradi wurin wani mai aikin famfo, ya yi shekara bakwai shina ɗaukar tiyo a kahaɗa. Da ya komo Dakoro, hannuwanshi duk sun yi kanta, ko tuwo mai zahi ba ya ji.

Lokacin masu aikin famfo nan kowa ta kanshi yake. Mai kwangila shi kira ka, shi kore ka, ba mai cewa komi. Abarci ya tara su, su goma sha ukku, ƙarƙashin iccen bedin da ke ƙohwar gidanshi, suka yi sandika, wato ƙungiyar ma'aikata. Suka ce shi ne sakatare. Shekara goma sha tara ba su sake wani ba. Shi ya sa aka riƙa ba su takalman roba. Ranar da rami ya rubza wa Samba, guda daga cikinsu, shi ya zauna likita har aka sallame shi.

Doka guda ya kafa musu: in an haɗa tiyo, ba a rufe rami sai ruwa ya kwana ciki. Ka san rairayinmu, in ka binne tiyo shina yoyo, shanyewa yake, ba ka gani. To da sahe sai shi tuɓe takalmi shi bi ramin, tahin ƙahwarshi na gaya mishi inda ke da laima. Wanda ya rufe bai jira ba, a karɓe katinshi na sandika. Ba kati, ba aiki.

Ɗana Mudathir wurinshi ya koya. Shekara huɗu ke nan ya samu aikin ja ma wani ƙauye ruwa, can wajen Mai Yara. Mai kwangila ya matsa mishi, wai baƙi na zuwa buɗe famfo. Ya rufe rami ranar da ya haɗa. Ashe mahaɗi guda bai kama ba, kuma kusa da salga yake. In an tsaida ruwa sai tiyon shi zuƙi ƙazanta. Yara suka kama zawo da amai. Wani makiyayi, Jimrau, ɗiyarshi ta rasu. Ba ta kai shekara ukku ba.

Ƴan sandika suka zo suka ce ma Abarci su sun shirya, za su ce leburorin mai kwangila ne suka rufe. Ni ma na yafa zane na tahi.

Na ce, "Abarci, ɗanka ne fa. Ƴaƴa biyar gare shi."

Ya ce, "Yaya, zamna." Ya aika aka kira Mudathir. Ya ce, "Wa ya rufe ramin?"

Mudathir ya ce, "Kawu, matsa mini aka yi."

"Ban tambaye ka wa ya matsa ba."

"Ni ne."

Na ce, "To ka ji, bai yi maka ƙarya ba. Ko don wannan ka bar mishi."

Ya ce, "Yaya, na karɓe katin Attaher kan irin wannan laihi, uwarshi ba ta da ƙane sakatare. Da wane ido zan dube ta?"

Na ce, "Da na san haka za ka zama, da na sauke ka tun kan hanyar rijiya."

Bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu, Mudathir ya aza mishi katin.

Abarci da kanshi ya tahi ƙauyen da shebur, shina da shekara sittin da wani abu. Kwana tara suna tono. Ya komo da ciwon baya da bai sake shi ba har yau. Mudathir kuwa ya tahi Agadas neman aiki, ya bar mini matarshi da yaran. Na yi shekara guda Abarci na gaishe ni ina amsawa da ka.

Bara ya aje sakatare, ba ya iya duƙawa. Ya zo nan ya ba ni katin Mudathir cikin leda. Ya ce ƴan sandika sun yarda a maida mishi, amma sai ya je ya zamna gaban Jimrau ya yi mishi gaisuwar rasuwa, ya faɗa mishi da bakinshi shi ne ya rufe ramin. Ya ce, "Ke za ki riƙe, Yaya. In ya je, ki ba shi."

Na ce a raina ko ya je ko bai je ba zan ba shi.

Mudathir ya zo babbar Salla. Ya rame. Na gaya mishi. Ya ce, "Inna, ba ni iya kallon mutumin nan." Na buɗe kwalla, har na taɓa ledar. Autarshi tana wasa bakin famfonmu, tana tara hannu tana sha. Tsarar ɗiyar Jimrau ce, da ta rayu. Na maida murhi na rufe.

Kwana shida ya yi. Kullum da sahe ina ce mishi motar Mai Yara na tashi da hantsi. Ran na bakwai ya shiga ta Agadas.

Katin na nan. Abarci bai taɓa tambayata ba, ni ma ban ce mishi komi ba.